Malam Edita, Google ba zai riƙe maka mai karatun da shafinka ya kora ba

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Don Allah ina neman ɗan fili a jaridarku mai albarka in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana damuna, ni aikina gina shafukan intanet ne da gyara su, kuma kusan duk wanda ya zo wurina tambaya ɗaya yake fara yi min, wai ya za a yi shafina ya hau saman Google. Har yau ban taɓa samun wanda ya fara da cewa ya za a yi mutumin da ya shigo shafina ya ji daɗin zama a ciki ba, alhali wallahi tambayoyin nan biyu tambaya ɗaya ce, amsarsu ma kusan ɗaya ce.

Bari in fara da abin da ya faru da ni kwanan nan. Ina neman bayani kan yadda ake sabunta wata manhaja a wayata, na rubuta tambayar a Google, na danna shafin da ya fito na farko. Sikirin ya yi fari fat, ina jira ina jira, can sai ga rubutu ya fara fitowa, ban gama layi biyu ba sai wani akwati ya faɗo ya rufe komai wai in sa imel ɗina a riƙa turo min labarai, na nemi ɗan alamar rufewa ga ta can a lungu ƙanƙanuwa kamar ƙwayar yashi, sai da na danna sau uku ta rufe, daga rufewa wani akwatin ya taso daga ƙasa wai in yarda a riƙa turo min sanarwa, sannan wani bidiyo ya kama kansa da kansa yana cin datata ba tare da na ce masa ya fara ba. Duk na haƙura. Na ga linkin da nake so, na kai yatsa zan danna, a daidai wannan lokacin wani talla ya sauko daga sama ya tura rubutun ƙasa, yatsana ya sauka kan tallan, sai gani a wani shafin da ban san shi ba ban neme shi ba. Na danna baya, na sake danna baya, na koma Google na buɗe shafin da ke ƙarƙashinsa, cikin daƙiƙa kaɗan na samu abin da nake nema. Mai wancan shafin na farko fa ya yi wahala, ya kashe lokaci da ƙila kuɗi har ya hau matsayi na ɗaya, Google ya kamo hannuna ya kai ni har ƙofarsa, shi kuma da kansa ya kore ni.

To wannan shi ne abin da nake son masu shafuka su gane. Abin nan da ake kira SEO, wato gyara shafi yadda injin bincike zai gane shi ya kuma ɗora shi a sama, da yawa sun ɗauke shi kamar wata laya ce da ake ɗaura wa shafi daga waje, ka kira wani ya zo ya cusa maka kalmomi, ya sayo maka linki daga wasu shafuka, shikenan aiki ya ƙare, ba ruwan kowa da ko shafin yana buɗuwa ko baya buɗuwa. Kitso ne ake yi da ƙwarƙwata.

Gaskiya akwai lokacin da wannan dabarar take aiki, ba zan musa ba. A farkon zamanin injinan bincike abin da suke yi kusan ƙirga kalma ne, shafin da ya fi maimaita kalmar da ka nema shi ne a sama, shi ya sa mutane suka riƙa rubuta kalma ɗaya sau ɗari da farin rubutu a kan farin bango, mutum baya gani amma inji yana karantawa. Da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998 sai suka zo da tsarin PageRank, wanda yake ɗaukar linkin da wani shafi ya yi maka a matsayin shaidar cewa kana da amfani, nan ma mutane suka koma saye da sayar da linki. Daga nan aka shiga wasan ɓuya tsakanin Google da masu dabara. A 2009 Google ya fito ya faɗa ƙarara cewa baya amfani da ɗan gurbin nan na ɓoye da ake jera kalmomi a bayan shafi wajen tantance matsayi, amma har gobe za ka ga mai cewa zai cika maka shi a matsayin aiki. A watan Fabrairun 2011 Google ya saki sabuntawar tsarin jera shafukansa mai suna Panda ta rushe shafukan da suke tara rubutu mara nauyi don kawai su kama masu bincike, a watan Afrilun 2012 kuma Penguin ta zo ta bi ta kan masu linkin bogi. Kuma ba wai don Google waliyyi ba ne yake yin haka, kasuwarsa ce, idan ya riƙa tura mutane shafukan da ke ɓata musu rai za su daina yarda da shi, idan suka daina zuwa tallansa ya mutu. Muradinsa da na mai karatu sun haɗu a nan, shi ya sa duk shekara yake ƙara matsowa kusa da abin da ɗan Adam yake ji idan ya buɗe shafi.

Ka duba jerin matakan ka gani. A 2010 ya sanar cewa saurin buɗuwar shafi ya shiga cikin ma'aunansa, lokacin a kwamfuta ne. A farkon 2012 ya fara danne shafukan da suka cika samansu da talla har sai ka gangara kafin ka ga rubutu. A 2014 ya ce shafi mai tsaro, wanda adireshinsa ya fara da https, yana da ɗan fifiko, daga 2018 ma burauzar Chrome ta fara rubuta wa marasa shi cewa ba su da tsaro, a fili kowa yana gani. Ranar 21 ga Afrilun 2015 ya fara fifita shafukan da suka dace da sikirin waya a binciken da aka yi ta waya, a watan Janairun 2017 ya waiwayi akwatunan nan masu rufe rubutu irin wanda ya tare ni, a watan Yulin 2018 sauri ya shiga lissafi a waya ma. Sannan a hankali ya mayar da shi cewa fuskar shafinka ta waya ita yake dubawa ya yi hukunci da ita, ba ta kwamfuta ba, aikin da ya ce ya kammala a 2023. Wannan na ƙarshen mutane da yawa ba su san shi ba, mai shafi yana zaune gaban babbar kwamfuta da intanet mai ƙarfi yana ganin komai tsaf tsaf, alhali Google da masu karatunsa duk ta waya suke kallonsa, inda rubutun ya yi ƙanana, madannai sun cunkushe a wuri ɗaya, wani sashen ma an ɓoye shi gaba ɗaya don wuri bai isa ba, kuma abin da babu shi a fuskar waya to a wurin Google tamkar babu shi ne.

Inda na fi so mu tsaya shi ne ma'aunan nan uku da Google ya fitar a watan Mayun 2020 ya kira su Core Web Vitals, suka fara shiga lissafin matsayi a tsakiyar 2021, don duk wanda ya fahimce su ya fahimci maganata. Na farko, LCP, yana auna tsawon lokacin da babban abin da ke kan sikirin yake ɗauka kafin ya bayyana, ko babban hoto ne ko babban sakin layi, kuma abin da ake so kada ya wuce daƙiƙa 2.5. Na biyu, INP, wanda ya maye gurbin wani tsohon ma'auni a watan Maris na 2024, yana auna idan ka danna wani abu yaya shafin yake ɗaukar lokaci kafin ya nuna maka ya ji, ana so kada ya wuce milisakan 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, kasan irin ka danna madanni shiru, ka sake dannawa shiru, can sai ya amsa duka biyun a tare ya buɗe ya rufe, to shi ake aunawa. Na uku, CLS, shi ne wanda ya fi taɓa min zuciya, yana auna yadda abubuwa suke zamewa suna tsalle a kan sikirin yayin da shafi ke buɗuwa, ana so makin kada ya wuce 0.1, wato dai tallan nan da ya ture rubutu ya sa na danna abin da ban yi niyya ba an ba shi suna an ba shi lamba. Kuma ba a ɗakin gwaji ake ɗauko alƙaluman ba, daga wayoyi da kwamfutocin mutane na gaske masu amfani da Chrome ake tara su, na kwana 28 da suka wuce, kuma sai kashi 75 cikin 100 na ziyarar sun cika ma'aunin kafin a ce shafi ya ci. Ma'ana ba za ka ce ai a wayata yana buɗuwa da sauri ba, mai ƙaramar waya da netwok mai rauni shi ma yana cikin masu ba ka maki.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin gyaran nan ba su da wahala. Akwai wani mai shafi da ya zo min da kuka cewa ya biya wani ya yi masa SEO wata da watanni babu canji. Na buɗe shafin a waya, hoton da ke sama kai tsaye daga kyamara aka ɗora shi, ya haura megabait 5, faɗinsa ya ninka sikirin wayar sau da yawa, wato wayar mai karatu sai ta sauke wannan ƙaton duka sannan ta matse shi ya zama ɗan ƙarami. Na rage girmansa na mayar da shi tsarin WebP, wato tsarin hoto mara nauyi, ya dawo ƙasa da kilobait 200, a ido ba ka ganin bambanci ko kaɗan. Hotunan duk ba a rubuta musu faɗi da tsayi ba, shi ya sa burauza ba ta san wurin da za ta tanadar musu ba, sai sun sauko su ture rubutu, na sa musu lambobin, na ware wa talla gurbinsa tun kafin ya iso, tsallen ya tsaya cak. Na cire wasu ƙananan manhajoji da aka liƙa wa shafin waɗanda shi kansa bai san aikinsu ba. Da na leƙa rubutun kuwa, mutumin da ya biya ya bi kowane sakin layi ya cusa kalma ɗaya sau huɗu sau biyar har jimlolin sun daina ma'ana, na ce masa don Allah karanta min wannan da ƙarfi, ya fara karantawa, bai kai ƙarshen layi na uku ba ya tsaya ya yi shiru yana kallon wayar. Shi da kansa ya zauna ya sake rubuta su da bakin da yake yi wa mutane bayani idan sun zo wurinsa.

Amma fa kada a fahimce ni a baibai, don akwai masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, su kwana suna neman maki 100 a na'urar gwajin saurin shafi alhali babu abin karantawa a shafin. Google da kansa ya sha faɗa cewa dacewar bayani da abin da mutum ya nema ita ce gaba, shafi mai amsa ta gaske zai iya zama a sama ko da yana da ɗan nauyi, sauri ya fi yin tasiri idan shafuka sun yi kunnen doki wajen amfani. Shafin da ya buɗe cikin ƙiftawar ido amma babu komai a ciki bai amfani kowa ba. Sai dai ni a wurina amsar ita ma ai cikin jin daɗin mai karatu take, ita ce ma babba. Mutum ya tambayi abu ɗaya, sai ka fara masa da sakin layi shida na shimfiɗa, ma'anar abin, tarihin abin, muhimmancin abin, don wani ya gaya maka wai dole rubutu ya kai kalma kaza kafin Google ya so shi, amsar tana can ƙasa an binne ta. Wannan ma cutar da mai karatu ne, daidai yake da akwatin da ke rufe sikirin. A watan Agustan 2022 Google ya fito da tsarin da ke neman rubutun da aka yi don mutane ba don inji ba, a watan Maris na 2024 ya narkar da shi cikin babban tsarinsa, a ƙarshen 2022 kuma ya ƙara gogewa ta kai tsaye a cikin abubuwan da masu duba masa ingancin sakamako suke lura da su, wato shin wanda ya yi rubutun nan ya taɓa abin da hannunsa ko kwafe kwafe ne kawai.

Akwai kuma tambayar da ake yawan yi min, shin Google yana ganin lokacin da mutum ya fita daga shafi da sauri. Google ya ce baya amfani da alƙaluman Google Analytics, wato manhajar da masu shafi ke ƙirga baƙinsu da ita, wajen jera shafuka, kuma fita da sauri ba kullum ne alamar matsala ba, wani ya samu amsarsa ne cikin daƙiƙa goma ya tafi yana godiya. Amma a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google kan danne kasuwar bincike, a 2023, wani babban jami'in sashen binciken kamfanin, Pandu Nayak, ya yi bayani a gaban kotu kan wani tsari mai suna Navboost da ke amfani da bayanan abin da mutane suka danna a sakamakon bincike na tsawon wata 13, kuma ya ce yana cikin muhimman alamomin da suke dogara da su. To ka ga ashe abin da mutane suke yi da yatsunsu yana komawa cikin lissafin, ba ƙirgen kalma kawai ba ne.

Wani abin da nake so masu rubutu su sani, mutane a intanet ba sa karatu kamar yadda ake karanta littafi. Tun 1997 Jakob Nielsen, wani masani kan yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya yi gwaji ya gano kashi 79 cikin 100 na waɗanda ya gwada bin shafi suke da ido suna tsintar abin da suke nema, kashi 16 ne kawai ke karantawa kalma bayan kalma. Shi ya sa ƙananan kanun da ke faɗin gaskiyar abin da ke ƙarƙashinsu suke da amfani, kuma su ɗin dai su injin bincike yake bi ya gane tsarin rubutunka. Haka ɗan bayanin da ake rubuta wa hoto a bayansa, makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa sikirin da shi yake sanin me ke cikin hoton, Google ma da shi yake ƙara ganewa. Linkin da aka rubuta wa suna mai ma'ana maimakon danna nan, jerin sassan shafi da mutum zai bi ba tare da ya ɓata ba, duk hanya ɗaya ce mutum da inji suke bi. Na daɗe ina wannan aikin, da wuya in tuna gyaran da na yi don sauƙaƙa wa mai karatu wanda ya cutar da shafi a Google.

Na san masu shafuka za su ce to da me za mu ci gaba idan babu talla, kuma gaskiyarsu ne, rubutu aiki ne, ajiye shafi a intanet ma ba kyauta ba ne, ni ba na cikin masu cewa a cire talla. Abin da nake roƙo shi ne a ba shi gurbinsa ya zauna, kada ya hau kan rubutu, kada ya yi tsalle, kada ya yi kama da madannin da mutum yake nema don a yaudare shi ya danna. Wanda aka yaudara ya danna sau ɗaya yana riƙe sunan shafin a ransa, gobe idan ya gan shi a Google tsallake shi zai yi. Balle yanzu da tun watan Mayun 2024 Google ya fara ɗora amsar da fasahar AI ta haɗa a saman sakamako, mutum yana iya samun abin da yake so ba tare da ya shiga kowane shafi ba, to wanda ya daure ya danno ya shigo wurinka ai baƙo ne mai daraja, bai kamata akwati uku su tare shi a bakin ƙofa ba.

Roƙona ga duk mai shafi da ke karanta wannan, kafin ka ba kowa aikin SEO ka ari ƙaramar waya wadda ba ta da ƙarfi, ka kashe wayfay ka kunna data, ka buɗe shafinka kamar baƙon da bai san ka ba, ka nemi abu ɗaya a ciki ka ga yaya za ka sha kafin ka same shi. Sannan ka sa adireshin a PageSpeed Insights, shafin Google na gwada saurin shafi, kyauta ne, zai nuna maka ma'aunan nan uku da abin da ke jawo nauyin, ka kuma yi rajistar shafin a Search Console, wurin da Google ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa yake a bincike, shi ma kyauta ne, ka ga kalmomin da mutane suke nemanka da su da shafukan da ke da matsala. Idan wanda zai yi maka aikin ya yi alƙawarin matsayi na ɗaya cikin sati biyu amma bai ko buɗe shafin a waya ya gani ba, ka riƙe kuɗinka.

Malam Edita, ku ma ina roƙonku da girmamawa, tunda yanzu da yawanmu ta waya muke karanta ku, ku sa masu kula da shafinku su riƙa yin wannan gwajin lokaci lokaci, kuma in da hali ku ware ɗan fili ko da sau ɗaya a wata da masu wannan sana'a za su riƙa yi wa jama'a bayani da Hausa, ni dai a shirye nake in riƙa turo abin da na sani idan kun ba da dama.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Naku,
Wani mai gina shafukan intanet kuma mai karanta ku kullum